Sakacin asibiti: ina ake kai kuka, kuma me ake riƙewa a hannu?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka taɓo jiya da dare ta fi ƙarfin a bar ta cikin gaishe-gaishe, shi ya sa na buɗe mata wurinta. An kai mutum asibiti, an yi masa aiki ko allura ko ƙarin jini, ya fito da lahani ko ya rasu, dangi suna zargin sakaci. Me dokar Najeriya ta ba su, kuma ta ina za su fara? Muna da lauyoyi da ma'aikatan lafiya a nan. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kama sunan asibiti ko na ma'aikaci.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin lauyoyi su shigo, a raba hatsi da tsakuwa tukuna. Ba kowane mummunan sakamako ne sakaci ba. Mace na iya zubar da jini bayan haihuwa a hannun likitan da ya fi kowa ƙwarewa. Zubar jinin ba laifin kowa ba ne. Abin tambaya shi ne me aka yi da ya fara. Idan jinin ya kai rabin lita bayan haihuwa da kanta, ko lita ɗaya bayan tiyata, akwai abin da kowane ma'aikaci ya san ana yi nan take: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a duba ko mabiyiya ta fita duka, a duba yagewa, a sa ruwa, a nemi jini. Idan an yi waɗannan a kan lokaci aka rasa ta, wannan wani abu ne. Idan an bar ta awa uku ba wanda ya auna bugun zuciyarta ko ya ɗaga zanen ya duba, wannan wani abu ne daban.

Barista Rabi: Dakta ya ajiye ta daidai inda kotu take ajiye ta. Abu huɗu mai ƙara zai tabbatar, in ɗaya ya faɗi ƙarar ta faɗi. Cewa akwai nauyin kulawa a wuyan ma'aikacin, wannan da sauƙi, da zarar an karɓi mara lafiya nauyin ya hau. Cewa ya gaza yin abin da ma'aikaci mai matsakaiciyar ƙwarewa a fanninsa zai yi. Cewa gazawar ce ta jawo lahanin, ba ciwon da aka zo da shi ba. Sai kuma lahanin kansa.

Na biyu da na uku ne ke kashe ƙara. Ma'aunin da kotunanmu suke bi daga Ingila ya samo asali, shari'ar Bolam ta 1957: likita bai yi sakaci ba idan abin da ya yi abu ne da ƙwararrun likitoci masu hankali suka yarda da shi. Alƙali kuwa ba likita ba ne, sai wani likitan ya zo ya yi masa bayani. Ku dubi shari'ar Ojo da Gharoro da Kotun Ƙoli ta yanke a 2006. Allurar ɗinki ta karye a cikin mace lokacin tiyata, guntun ya zauna a ciki. Duk wanda ya ji zai ce ai magana ta ƙare. Amma likitocin suka yi bayanin yadda allura kan karye ba da gangancin kowa ba, ita kuma ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayaninsu ba. Ta faɗi tun daga ƙasa har sama.

Alhaji Garba: Ikon Allah. Barista, to idan allura a ciki ba ta isa hujja ba, me zai isa?

Barista Rabi: Alhaji, akwai ƙa'idar da ke cewa wani abin shi da kansa yake ba da shaida, kamar a yanke ƙafar hagu alhali ta dama ce mai ciwo. Amma iyakar abin da ƙa'idar take yi shi ne ta tilasta wa asibiti yin bayani. In suka kawo bayani mai kama hankali, nauyi ya dawo kanka.

Sista Talatu: Bari in ƙara a kan kayan da ake mantawa a ciki, don a nan ne takarda take aiki. A ɗakin tiyata ana ƙirga auduga da allurai da almakasai kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe ciki, a kuma ƙirga kafin a gama ɗinke fata. Nas biyu ke yi, da murya, a rubuta. Yana cikin jerin binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Idan lissafi bai cika ba, ba a rufewa sai an nemo, in ta kama a ɗauki hoto. To idan bayan wata biyu aka ciro auduga daga cikin mace, tambaya ta farko ita ce ina takardar ƙirgan? In babu ita, ko an rubuta “ya cika” alhali ga audugar a kwalba, asibiti ya shiga tsaka mai wuya. Kuma don Allah abin da aka ciro kada a yar. A ɗauki hotonsa, a karɓi rahoton likitan da ya ciro, da kwanan wata da sa hannunsa.

Haka naƙuda. Akwai takardar da ake bin naƙuda da ita, ana rubuta bugun zuciyar jariri duk rabin awa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, ana rubuta buɗewar mahaifa duk awa huɗu. Idan an sa ruwan naƙuda, dole a ga nawa aka sa, ɗigo nawa a minti, wa ya ba da umarni. Ruwan nan in ya yi yawa, ko aka sa wa wadda jaririnta ya gicciye ko ƙugunta ya yi masa kaɗan, mahaifa na iya fashewa. Takardar nan ita kaɗai tana iya faɗin ko an kula ko an yi barci.

Barista Musa: Sista ta kawo mu inda nake so. Folda ita ce shari'ar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan mara lafiya, kuma sashe na 29 ya mai da sauya su ko lalata su ko ƙara ƙarya a ciki laifi, ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. Kundin Haƙƙoƙin Majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin samun bayananka, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma tana ba mutum damar neman abin da aka ajiye a kansa.

Yadda ake yi: a rubuta wa shugaban asibitin takarda, da sunan mara lafiya da lambar katinsa da ranakun kwanciya, a nemi kwafin folda gaba ɗaya, ba taƙaitaccen rahoto ba. A lissafa abin da ake so: rubutun likitoci, rubutun nas-nas, takardar magunguna, takardar awon zafi da hawan jini, rahoton tiyata, rahoton mai allurar barci, sakamakon gwaje-gwaje, takardar amincewa. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi gida. Idan asibitin gwamnati ne, a nemi kwafin da aka tabbatar da hatimi, don shi kotu take karɓa. Kuma a nema da wuri, cikin lumana, kafin a fara ɗaga murya. Folda tana da ƙafa, da zarar an ambaci lauya sai ta fara tafiya.

Dakta Sani: Barista, wannan ta ƙarshen ka ɗan yi mana rashin adalci. Foldoji suna ɓata a ɗakin kati ko babu lauya.

Barista Musa: Na karɓa, Dakta. Amma ɓatan ba ya taimakon asibiti. Sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa hujjar da mutum yake da ita ya ƙi kawowa, da ya kawo ta da ta kayar da shi.

Alhaji Garba: To an samu folda. Sai ina? Wasu na cewa ’yan sanda, wasu na cewa hukumar likitoci.

Barista Musa: Ƙofofin suna da yawa, kuma kowace da abin da take bayarwa. A nan mutane suke ɓata shekara a layin da ba nasu ba.

Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ladabtarwa take yi. Ana kai mata koke ne a takardar rantsuwa da aka yi gaban jami'in rantsarwa na kotu, a faɗi sunan likita, ranaku, abin da ya faru bi da bi, a haɗa da kwafin takardu. Kwamitin bincikenta zai aika wa likitan ya mayar da martani shi ma da rantsuwa. In an ga akwai abin tuhuma, sai a tura wa kotun ladabtarwa, wadda matsayinta ya yi daidai da Babbar Kotu, ɗaukaka ƙara daga gare ta sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Tana iya jan kunne, ko dakatarwa har wata 6, ko soke suna daga rajista. Amma ko sisi ba za ta ba ka ba. Kuma likitoci kaɗai take hukuntawa. Nas da ungozoma suna da tasu hukumar, masu haɗa magunguna da tasu, ma'aikatan ɗakin gwaji da tasu.

Kuɗin diyya Babbar Kotu ce, ko sulhu. A ƙarar ana haɗa ma'aikacin da mai asibitin, domin ubangida yana ɗaukar laifin yaronsa a bakin aiki. In asibitin jiha ne, Hukumar Kula da Asibitoci ta jihar ake sawa. Asibitoci masu zaman kansu kuma akwai masu sa musu ido a jiha, kamar PHIMA a Kano, waɗanda ke iya rufe wuri. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya da hidima, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Barista Rabi: Abokin aiki, ka tsallake abin da ya fi kowanne haɗari. Lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce ƙarar da za a kai jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata 3. Wata uku fa. Kafin a yi sadakar arba'in, a huce, a yi shawarar dangi, rabin lokacin ya tafi. Jihohi suna da irin tasu dokar, sai a duba ta jihar da abin ya faru. Ƙari a kan haka, dokokin da suka kafa wasu hukumomi suna neman a aika musu takardar sanarwa kafin a kai su ƙara, galibi wata guda. Kai koke MDCN ko zaman sulhu ba ya tsayar da wannan agogon.

Barista Musa: Akwai mafita ai. In lahanin yana ci gaba, ko jami'in ya yi da mugun nufi, ko ya fita daga hurumin aikinsa, kariyar ba ta rufe shi.

Barista Rabi: Akwai, amma ba na son mutum ya gina gidansa a kan togaciya. Kotuna sun sha fassara “ci gaban lahani” da ci gaban aikin da ya jawo shi, ba ci gaban raɗaɗin ba. Asibiti mai zaman kansa wa'adinsa shekaru ne, gwargwadon dokar jiha. Na gwamnati kuwa, a ga lauya a makon farko ko na biyu.

Hajiya Binta: Ni tambayata ta addini ce. Da yawa in aka ce su bi haƙƙinsu sai su ce ƙaddara ce, kai ƙara kamar ja da hukuncin Allah ne. Allah ya gafarta Malam, ina gaskiyar wannan?

Malam Isa: Hajiya, kowane abu da ƙaddara yake faruwa, har da kisan kuskure, amma duk da haka Alƙur'ani ya wajabta diyya a kansa a Suratun Nisa'i. Da imani da ƙaddara yana kore lamuni, wato ɗaukar nauyin biyan ɓarnar da aka yi, da ba a wajabta ta ba. A kan likitanci musamman akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi mai lamuni ne. Wannan ya hau kan mai kemis da ke yin tiyata a bayan shago. Shi kuwa ƙwararre, Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa likita in ya yi kaciya ya yanke kan gaba, akwai diyya, kuma kuskure ne da dangin likitan na wajen uba suke ɗauka. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Malamai sun ce ƙwararren da aka ba izini, ya yi aiki yadda ake yi, hannunsa bai ƙetare ba, babu lamuni a kansa ko da an rasu. Kun ga kusan inda Dakta ya fara ke nan.

Yafewa alheri ce, amma mai haƙƙi ne yake yafewa. Idan mamaci ya bar marayu ƙanana, baffa ba shi da ikon yafe rabonsu don kunyar idon jama'a.

Dakta Sani: Tunda Malam ya kawo rasuwa, ga matsalar da ba a son faɗa. Muna binne mamaci cikin awoyi, kuma mafi yawan iyalai ba sa yarda a buɗe gawa. To ba tare da binciken gawa ba, tabbatar da abin da ya yi ajali yana da wuya ƙwarai, lauyan asibiti zai ce ciwon ne. Wanda ba zai yarda da binciken ba, aƙalla ya riƙe abin da zai iya. Misali ƙarin jini: in an sa wa mutum jinin da ba nasa ba, alamu kan fara a mintuna 15 na farko, zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon baya, numfashi sama-sama, daga baya fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Ƙa'ida ita ce a tsayar nan take, a mayar da ledar jinin ɗakin gwaji tare da sabon samfurin jinin mara lafiya. Dangi su ɗauki hoton ledar, lambarta da rukunin jinin da ke jiki su fito. Su rubuta lokacin da aka sa, lokacin da suka kira nas, lokacin da ta zo.

Ga kuma allurar ɗuwawu ga yara. Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka ƙafa. Shi ya sa ƙaramin yaro a gefen cinya ake yi masa, babba kuma a ɓangaren sama na waje. In aka soki jijiyar, yaro zai fara jan ƙafa, tafin ya riƙa faɗuwa. A kai shi wani asibitin a ranar ko washegari a rubuta abin da aka gani. In aka yi wata biyu ana shafa man zafi, ba mai iya haɗa shi da allurar kuma.

Hajiya Binta: Amma ai kafin aiki suna ba maigida takarda ya sa hannu. Ba shi ke nan an ɗaure mu ba?

Barista Rabi: A'a Hajiya. Sa hannun yarda ce da aikin da haɗarinsa da aka sani, ba lasisin sakaci ba ne. Ba wanda ya sa hannu a bar masa almakashi. Sannan sashe na 23 na dokar 2014 ya ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa, hanyoyin magani, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji, a kuma lura da ko ya iya karatu. Takardar Turanci da aka dangwala wa yatsa a bakin ƙofar tiyata ba tare da bayani da Hausa ba, yardar da ke cikinta mai rauni ce. Mu da aka yi gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, a kan yara kusan 200, har kamfanin Pfizer ya yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009, bai kamata a koya mana muhimmancin wannan ba.

Wani abu kuma: mace baliga mai hankalinta ita ke da yardar jikinta a doka, ba mijinta ba. Jinkirta tiyatar gaggawa don ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba kariya ba ce ga asibiti. Kotun Ƙoli a shari'ar Okonkwo ta 2001 ta tabbatar wa babba haƙƙin ƙin magani, har ƙarin jini. Amma a shari'ar Esabunor ta 2019 ta ce iyaye ba za su hana a ceci ran ƙaramin yaro ba.

Sista Talatu: A kiyayi takardar “na fitar da mara lafiyana da kaina”. In rai ya ɓaci aka sa mata hannu aka tafi, duk abin da ya biyo baya za a jingina shi da fitar. Gara a nemi takardar tura mara lafiya wani asibiti.

Alhaji Garba: ’Yan sanda fa? Kuma masu ƙin karɓar mutum sai an ajiye kuɗi?

Barista Musa: Na biyun a fili yake. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka. Mai raunin bindiga kuma dokar 2017 ta ce a karɓe shi ba tare da takardar ’yan sanda ba, asibiti ne zai sanar da su cikin awa 2 da fara magani.

Laifin kisa ta hanyar sakaci kuwa ma'auninsa ya fi tsauri nesa. Tun shari'ar Akerele a farkon shekarun 1940, inda yara goma suka mutu bayan allurar da likita ya yi musu a lardin Owerri, kotun ƙarshe a Landan ta soke hukuncin, ta ce sakacin da zai kai mutum kurkuku sai ya zama mai muni ƙwarai, yawan waɗanda suka mutu kaɗai bai isa ba. Sa a kulle likita kwana biyu yana sanyaya zuciya, amma ba ya biyan kuɗin magani, kuma yana rufe ƙofar sulhu. Inda ’yan sanda suka dace sosai shi ne likitan bogi.

Haka Facebook. Wanda ya rubuta “wane ya kashe min mata” kafin ya riƙe hujja, zai iya wayar gari shi ake ƙara da ɓata suna.

Barista Rabi: A kan kuɗi, diyya kashi biyu ce. Akwai asarar da ake ƙirgawa: kuɗin aikin gyara, magani, mota, albashin da aka rasa. Wannan sai an jera ta dalla-dalla a takardar ƙara an kawo rasit, abin da ba a tabbatar da hujja ba kotu ba ta bayarwa. Akwai kuma ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa. Ko an ci nasara a kan hukumar gwamnati, cire kuɗin daga asusunta na iya buƙatar amincewar Antoni Janar, ga ɗaukaka ƙara da ke cin shekaru. Shi ya sa ba na raina sulhu, ko a ofishin lauya ko a zauren sasanci na kotu irin wanda Kano take da shi.

Malam Habu: Barista, in an zaɓi sulhun, me za a kiyaye?

Barista Rabi: A rubuta shi, Malam. Adadin kuɗi da ranar biya, in kashi-kashi ne a faɗi ranar kowane kashi da abin da zai faru in an saɓa. A sa wanda zai ɗauki nauyin maganin gaba, domin mai yoyon fitsari ko yaron da jijiyarsa ta taɓu na iya buƙatar aiki fiye da ɗaya. Kada a sa hannu a kan “na yafe duk wani haƙƙi” kafin wani likita daban ya faɗi iyakar lahanin. In akwai marayu, a ware rabonsu da sunansu. In wa'adin wata ukun ya matso ba a gama magana ba, a shigar da ƙarar, a ci gaba da sulhun tana gaban kotu, in an daidaita sai a kai wa alƙali ya mai da yarjejeniyar hukunci.

Barista Musa: Kuma wanda zai sa hannu a madadin asibiti ya zama mai ikon ɗaure asibitin, shugabansa ko mai shi, ba likitan da ke kan aiki ranar ba.